Sabuwar rauta ko mesh? Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakunan sama

Abban_Yara: Salamu alaikum 'yan uwa. Gidan haya nake ciki, bene ne, ginin bulo da dekin kankare. Rautar da kamfanin intanet ya ba mu tana lungun falon ƙasa, domin ta nan kebul ya shigo. A falo lafiya lau, amma a sama, musamman ɗakin ƙarshe da maiɗakina ke karatu ta bidiyo, kullum yankewa yake. Mai gida ya hana huda bango. In sayi rauta mai ƙarfi, ko in sayi mesh mai guda biyu, wato na'urorin da ake ajiyewa wuri-wuri a gida suna miƙa wa juna Wi-Fi? Wanda ya gwada ya faɗa mini.

Ɗan_Kebul: Wa alaikumus salam. Ja kebul kawai. Kebul ɗin intanet nau'in Cat5e yana ɗaukar gudun gigabit har mita 100, ka kai shi sama ka jona wata rauta, magana ta ƙare.

Maman_Biyu: Malam, ai ya ce an hana shi huda bango. Abban Yara, kafin ka kashe ko sisi, ɗaga rautar daga lungu. Tamu a bayan talabijin take, kusa da wani babban madubi. Da muka ɗora ta kan kanta a tsakiyar falo, ɗakuna biyu suka samu.

Mai_Haƙuri: Ɗan uwa, kada ka taɓa mesh, ni na ga ta kaina. Mai guda uku na saya, mai shago yana ta rantsuwa cewa har ƙofar gida zai kai. Na ajiye ɗaya kusa da rauta, ɗaya a ɗakin da babu sabis, ɗaya a kicin. Waya ta nuna sanduna a cike, amma ka buɗe bidiyo sai dai ya yi ta juyawa. Kyamarorin tsaro guda biyu suka ƙi haɗuwa sam. Firinta ta ɓace daga kwamfuta. Yarona mai wasan gem ya ce ba ya iya shiga wasa da abokansa. Ranar da abin ya fi ƙona mini rai, ina tsaka da ganawar neman aiki ta bidiyo, na taso daga falo zuwa ɗaki, hoton ya daskare da bakina a buɗe, kiran ya tsinke. Na koma shago suka ce tunda an yage ledar kwali ba sa karɓa. Yanzu haka suna cikin durowa, ko kallonsu ba na son yi.

Injiniya_Sabo: Yaya Mai Haƙuri, Allah ya mayar da alheri, amma yawancin wannan ba laifin mesh ba ne. Ba a ajiye na biyun a ɗakin da sabis ya mutu, ana ajiye shi a tsakanin hanya ne, inda har yanzu yake jin na farko sosai. Sandunan da ka gani na tsakanin wayarka da wannan na'urar ne kawai, ita kuma tana shan wahalar jin uwarta. Wi-Fi yana da band biyu, wato layukan sigina, 2.4GHz da 5GHz. Kyamarori da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa, mesh kuma yakan haɗa 2.4 da 5 a suna ɗaya, shi ya sa suke rikicewa wajen saiti. Batun firinta da gem kuwa, da alama ka bar rautar kamfani da mesh duk suna raba wa na'urorin gidan adireshi. Sai a mayar da mesh ɗin access point, wato ya riƙa ba da Wi-Fi kawai, ya bar wa rautar kamfani rabon adireshi.

Mai_Haƙuri: Kai a takarda ka karanta, ni kuɗina ne ya tafi. In sai an kira injiniya kafin abu ya yi aiki, me ya sa aka rubuta minti goma a kwalin?

Injiniya_Sabo: Ba takarda ba ce Yaya, aikina ke nan. Duba mini bayansu, in ramukan kebul ɗin na 100Mbps ne, ko kamfani ya ba ka fiye da haka ba za ka gani ba.

Hajiya_Zee: Ni TP-Link Deco mai biyu nake amfani da shi, ɗaya a ƙasa, ɗaya a saman matakala, kuma ban ga matsala ba. Matakalar ce hanyar da sigina ke bi, domin rodin da ke cikin dekin yana tare shi. Kuɗinsa bai wuce na rauta ɗaya mai kyau ba.

Ɗan_Kebul: Haba Hajiya, wanda na tambaya ya ninka rauta sau uku.

Hajiya_Zee: To mai band uku aka nuna maka, wanda yake ware layi guda don na'urorin su yi magana da juna. Nawa mai band biyu ne.

Baban_Raha: Abban Yara, mafi sauƙi ka sauko da uwargida falo, ka mayar da baƙi sama.

Abban_Yara: Baban Raha ka ji ka da wata magana. Injiniya, to rauta mai Wi-Fi 6 fa, mai eriya shida? Za ta huda dekin?

Injiniya_Sabo: Da wuya. Ko rautar ta yi ƙarfi, wayarka ce za ta mayar da amsa, ita kuma eriyarta ƙarama ce. 5GHz ya fi gudu amma bango na cinye shi, 2.4 ya fi nisa amma cunkoso ya yi masa yawa. Shiga saitin rautar, a ɓangaren 2.4 ka gwada tashar 1, 6 ko 11 ka gani.

Maman_Biyu: Wace tasha kuma? Mu kamfaninmu ya kulle saitin rautar, ko kalmar sirrin shiga ba su ba mu ba.

Mai_Haƙuri: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Na jona kwamfuta da kebul kai tsaye da daddare, ko rabin abin da nake biya ban samu ba. Na kira su, suka ce in kashe in kunna.

Hajiya_Zee: Mu ma daga magariba haka yake yi. Kai da ka kira, sun ba ka lambar ƙorafi kuwa? Ni har yau tawa ba a rufe ta ba.