Taswira tana cinye min data, wayar kuma ta cika

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan sallah kawuna ya damƙa min motar kaya, ina kai kaya daga Garwa zuwa Kusri a arewacin Kamaru ni kaɗai, yaron motar ma ya koma ƙauye. Google Maps nake bi, amma kafin Marwa data ta ƙare, bayan Mora sabis ya ɗauke, allon ya koma fari fat. Wayar 32GB ce, kullum kukan cika take. Jibi zan tashi, yaya zan yi?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, GPS ba ya cin data, daga tauraron ɗan adam yake karɓa. Taswirar da ake saukewa kana tafe ita ke sha. Nemi Wi-Fi, taɓa hotonka a sama ta dama, shiga "Plans hors connexion", wato taswirar da ake saukewa a yi amfani da ita ba intanet. Ja akwati biyu a kan taswirar ka sauke su, Garwa zuwa Marwa, Marwa zuwa Kusri, bakinsu ya ɗan hau juna. Sannan kunna "Wi-Fi uniquement", ka kashe hoton sama, wato taswirar hoton tauraron ɗan adam, don shi ba ya ajiyuwa.

Baban Marwa: Ɗana, sa Organic Maps, kyauta ce, da taswirar OpenStreetMap take aiki ba intanet. Amma wace taswira ce ta san ramukan Waza zuwa Dabanga? Da damina hanyar nan sai addu'a, shekara nawa ana magana.

Mai gyaran waya: Baba, manhaja biyu a wayar da ta cika? A'a. Ya sa katin memori, ya mayar da ajiyar taswirar can. Ya rage bidiyon WhatsApp. In zai share tarkacen Google Maps, "Vider le cache" kawai. Ya taɓa "Effacer les données", duk abin da ya sauke ya tafi.

Ɗan Garwa: Yaya, gurbin katin layina na biyu ne a ciki. Hoton sama kuma da shi nake gane kwana, ba zan kashe ba.

Mai gyaran waya: To ai shi ne ke cinye maka datar!

'Yar Kusri: In ka iso nan ka kashe "itinérance", wato amfani da layinka a sabis ɗin wata ƙasa. Injamena tsallaken kogi ne kawai, waya kan kama sabis ɗin Cadi, kuɗinka ya zube.

Ɗan Garwa: Na gode Hajiya. Amma ni ina zan samu Wi-Fi kafin jibi?