Zuwa tsibirin Waiheke a yini ɗaya: yaya kuka tsara tafiyarku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai baƙina tsibirin Waiheke na ƙasar New Zealand, mu tashi daga birnin Okland da safe mu dawo a ranar. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su faɗa mana yadda suka raba lokacinsu, musamman da yake cikinmu babu mai shan giya, tsibirin kuma ya yi suna da gonakin inabin da ake yin giya da shi.

Wata ɗaliba: Wa alaikumus salam, Malam. Jirgin ruwan fasinja yana tashi daga tashar da ke tsakiyar birnin, kuma yakan ɗauki kimanin minti 40 kafin ya isa Matiatia, tashar jirgin da ke tsibirin, a hanya za ku wuce ta gefen dutsen Rangitoto. Ni na je a watan Janairu, tsakiyar zafinsu, na tarar da dogon layi tun kafin hantsi, saboda haka ku yi sammako. Daga Matiatia zuwa garin Oneroa hawa ne, amma ana iya takawa idan babu tsoho a cikinku.

Wani magidanci: Malam, ka fara duba jadawalin dawowa kafin komai, domin a kansa ake gina sauran shirin. Ranar da muka je da iyali, duk jama'ar da ta watsu a gonakin inabi ta taru a tasha lokaci guda da yamma, jirgi ya cika, muka tsaya jiran na gaba da yara a gajiye. Tsibirin ya fi yadda ake zato girma, ga tudu da kwari, don haka ku zaɓi yanki ɗaya. Mu Onetangi muka nufa a bas, inda gonaki suke kusa da juna, ga kuma doguwar gaɓar teku mai farin yashi.

Wata 'yar'uwa: Batun rashin shan giya kada ya dame ku. Na je gab da girbi, an lulluɓe kurangar inabi da raga saboda tsuntsaye, kuma wani ma'aikaci ya zaga da mu yana bayanin yadda ake datse rassa. Akwai gonakin zaitun da ake ɗanɗana mansu. Sai dai ku kama wurin cin abincin rana tun kafin ranar, kuma idan lokacin sanyi za ku je, ku tabbatar a buɗe suke, domin wasu kan rufe a farkon mako.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Onetangi za mu je, kuma ba za mu jira jirgin ƙarshe ba.