Likita ya ce akwai "sufil" a zuciyar yarinyata, me ake nufi dan Allah?

Maman Nafisa, Marwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya sani ya taimaka min, tun jiya ban runtsa ba. Yarinyata shekararta 9, kwana biyar tana zazzaɓi mun ɗauka palu (zazzaɓin cizon sauro) ne, muka kai ta asibiti aka gwada babu palu. Likitan ya sa abin sauraren nan nasu a ƙirjinta ya daɗe yana ji, ya sa ta kwanta ta gefen hagu ya sake ji, sai ya ce wai akwai sufil, a je a yi mata eko, wato hoton zuciya na na'ura. Da Faransanci ya yi ta bayani ni kuma kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Ya tambaye ni ko ta yi ciwon maƙogwaro, na ce eh sati uku da suka wuce har kakarta ta kira wanzami ya cire mata belu, kuma gwiwarta ta kumbura ta sace yanzu idon sawu ne ke ciwo. To ina maƙogwaro ina zuciya? Kuma ta kunne kawai mutum zai san ciwon zuciya?

Infirmiye Garwa:
Wa alaikumus salam Maman Nafisa, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki amma eko ɗin nan kar ki bari ya kwana biyu.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa, da ƙofofi huɗu masu buɗewa ta gefe ɗaya kawai, jini ya wuce su rufe kar ya dawo. Ta hagu tsakanin ɗakin sama da na ƙasa ita ce mitiral, marfi biyu gare ta, ta dama tirikusfid marfi uku. Sauran biyun suna bakin manyan jijiyoyi, ɗaya a hanyar huhu, ɗaya a bakin awota wadda ke raba jini ga duk jiki. Bugu biyun da kike ji in kin sa kunne a ƙirjin yaro ƙarar rufewar ƙofofin nan ne, na farko mitiral da tirikusfid sun rufe tare, na biyu ta awota da ta huhu. Kusan sau 100,000 a rana suke wannan aikin, ikon Allah kenan.

Sufil kuwa wani huci ne kamar "shhh" da ke shiga tsakanin bugun. Kin san yadda ruwa ke yi in kin matse bakin tiyo da yatsa? Haka jini ke yi in ƙofa ta tsuke, ko in ba ta rufuwa ruf yana komawa baya. Shi ya sa likita ke matsa abin nasa wuri wuri, ta awota ana jinta a saman ƙirji ta dama, mitiral kuma ƙasan nonon hagu, kuma kwanciyar da ya sa ta yi ta gefen hagu don ya kusanto da wannan wurin ne, ina ga mitiral yake zargi. Ƙarfin sufil ɗin ma muna ba shi maki daga 1 zuwa 6, daga 4 har hannu yana jin karkarwarsa. Abin sauraren wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ƙirƙiro shi a 1816, har yau da shi ake fara gano abin, amma kunne ba ya ganin ƙofa, eko ke nuna ta tana motsi.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne maƙogwaro, sai bayan sati uku zazzaɓi da ciwon gaɓa mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu. Akwai ƙwayar cutar maƙogwaro, sitireptokok, in ba a kashe ta da penisilin ba garkuwar jiki tana tashi yaƙi da ita sai ta rikice ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, musamman mitiral. Yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. Gaɓa tana warkewa tas, ƙofar zuciya ce ke iya riƙe tabo. Cire belu kuwa ba ya taɓa ƙwayar ko kaɗan, sai ƙarin ciwo da zubar jini.

Baban Yasir Makaniki:
Malam infirmiye Allah ya saka. Mu a gareji supap muke ce wa irin wannan ƙofa a inji, in bai zauna daidai ba tun daga ƙarar inji muke ganewa kafin a kwance. Hajiya ni ɗana aka taɓa ce yana da sufil yana shekara 4, hankalinmu ya tashi ƙwarai, ashe jininsa ne ya yi ƙasa bayan palu. Aka yi eko ƙofofin lafiya lau, da jini ya dawo likita ya sake saurara bai ji komai ba. In sha Allah taki ma haka ne.

Infirmiye Garwa:
Gaskiya ne Baban Yasir, yara da yawa suna da sufil mara illa, zazzaɓi ko ƙarancin jini yana kawo shi, masu ciki ma haka. Sai dai naka bai zo da ciwon gaɓa ba, nata ya zo da shi, ba zan ce mata ɗaya ba ne.

Yaya Hauwa, Kusiri:
Maman Nafisa ni kam roƙonki zan yi. Ƙanwata haka ya fara mata tana firamare, aka ce allurar penisilin duk wata, Extencilline, aka yi kamar shekara ɗaya da ta ji sauƙi sai muka bari don allurar akwai zafi tana kuka kuma a ido garau take. Ba mu san kowane sabon ciwon maƙogwaro ƙara cin ƙofar yake ba. Sai da ta yi aure ta samu ciki, wata shida ta fara haki ko tsakar gida ba ta iya sharewa, ƙafa ta kumbura, barci sai a zaune da matasai uku a baya. Muka haye Njamena aka yi eko aka ce mitiral ta tsuke. Allah ya raya ta ita da jaririn amma daga baya sai da aka sa mata ƙofar ƙarfe, yanzu in ka zauna kusa da ita da dare kana jin ƙis ƙis kamar agogo, ga maganin tsinka jini har ƙarshen rai da gwajin jini a kai a kai. Wallahi har yau in na tuna ranar da muka ce a bar allurar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. In an rubuta miki ita ki riƙe ta hannu bibbiyu, ko kakarta ta ce an isa haka.

Maman Nafisa, Marwa:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yaya Hauwa Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya, na yi hawaye da na karanta. Babanta ya ce gobe da sassafe za mu je eko ɗin. Malam infirmiye in an tabbatar ciwon da ƙwayar maƙogwaron nan ke jawowa ne, allurar har yaushe? Kuma ta daina zuwa lakwal (makaranta)?

Infirmiye Garwa:
Duk sati 3 ko 4 ake yi, kuma shekaru ake ɗauka, in zuciya ta taɓu galibi 10 ko fi, in ƙofa ta yi tabo sosai har mutum ya kai 40, likitanta zai yanke bayan ya ga eko. Yanzu dai ta huta a gida sai zazzaɓi da ciwon gaɓa sun tafi, daga baya ta koma lakwal. In kin ga haki, kumburin ƙafa, ko hannu da fuska suna fizga ita kaɗai, ba iska ba ce cutar ce, ki maida ta asibiti ran nan. Gobe ki tafi da wanda ke jin Faransanci, ku tambayi likitan wace ƙofa ce, kuma yoyo take yi ko tsukewa.