Masu koyar da gudanarwa a Kano: yaya kuke sa manaja ya nemi hujja kafin ya yanke shawara?

Malamin Ƙarshen Mako:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ajin masu neman digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, irin ajin nan na Asabar da Lahadi da ma'aikata ke cikawa: manajojin banki, akantoci, ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwar da suka dawo karatu da furfurarsu. Darasina shi ne yanke shawara bisa hujja. Daga likitanci abin ya samo asali, a Jami'ar McMaster ta Kanada a farkon shekarun 1990, inda aka ce likita ya daina ba da magani don kawai haka ya ga malaminsa na yi. Daga baya irin su Denise Rousseau da Jeffrey Pfeffer da Robert Sutton suka jawo shi fagen gudanarwa wajajen 2006. Ana so manaja ya haɗa hujja daga wuri huɗu: binciken masana, bayanan ma'aikatarsa, gogewar waɗanda suka daɗe a aikin, da ra'ayin mutanen da shawarar za ta shafa.

A jarrabawa ɗalibaina ba su da matsala, suna rattabo huɗun nan kamar hadda. Amma ran Litinin in sun koma ofis, shawara tana nan a kan "haka muka saba" da "Oga ya ce". Don Allah wanda ya taɓa koyar da wannan, ko aka koya masa, ya faɗa mana abin da ya gani.

Hajiya ta Sharaɗa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni an koya mini, kuma ya zauna. Malaminmu hana mu ya yi kawo labarin kamfanonin Amurka. Ya ce kowa ya zo da shawara guda da aka yanke a wurin aikinsa bana, ya faɗi a kan me aka dogara. Ni ina kula da ɗaukar ma'aikata a wata masana'anta, sai na kawo yadda muke intabiyu: kowane mai tambaya yana jefa abin da ya zo bakinsa, a ƙarshe a ce "wannan yaron yana da natsuwa", shi ke nan ya samu aiki. Malam ya tura ni karanta bitar da Schmidt da Hunter suka yi a 1998, wadda ta tattara binciken shekara 85 kan ɗaukar ma'aikata. Abin da ta nuna shi ne intabiyu mai tsari, wato tambayoyi iri ɗaya ga kowa da maki a rubuce, ta fi hira sakaka nuna wanda zai iya aiki. Yanzu haka muke yi. Ba ta hana takardar alfarma zuwa daga manya ba, amma ko ba komai in an ɗauki na ƙasa an bar na sama, makin yana nan a fayil, kowa ya san abin da aka yi.

Ɗan Kwari:
Malam, a yi mini afuwa, ni ina da ja. Maigidana bai taɓa zama a aji ba, amma in ya murza shadda da yatsa biyu zai faɗa maka ingancinta, kuma tun kafin azumi ya san kalar atamfar da za ta tafi da sallah. Mun ga masu digiri sun zo Kantin Kwari da kwamfuta, ba su shekara ba suka tattara. Wace hujja ce ta fi wannan?

Malamin Ƙarshen Mako:
Ɗan'uwa, abin da Alhaji ya sani hujja ce, tana cikin huɗun da na lissafa. Kuma ta fi ƙarfi a irin wurin da ka ambata: abin da yake yi kullum, yana ganin sakamakonsa nan take. Ya sari kala, cikin mako biyu kasuwa ta ba shi amsa, haka shekara da shekaru. Inda gogewa ke rauni shi ne shawarar da mutum ke yankewa sau ɗaya ko biyu a rayuwa, kamar buɗe reshe a wani gari ko karɓo kaya bashi a kan dala. Da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, waɗanda ake bi bashin dala ba rashin iya murza yadi ne ya kayar da su ba. Sannan mu kan zauna mu ƙirga waɗanda suka bi zuciyarsu suka yi arziki. Waɗanda suka bi tasu suka karye ba sa cikin kasuwar balle a tambaye su.

Akanta a Bompai:
Ni horo nake ba masu kula da sito da masu sayarwa, kuma abin da na lura ba bayanai ne babu ba. Ka shiga kasuwar Singa, kowane shago da littafin bashi da littafin shigowar kaya, ga rasit na POS, ga alat a waya. Rubutawa ake yi don kada a yi musu, ba don a waiwaya a karanta ba.

Darasina na farko kullum ɗaya ne. Nakan tambayi mutum cinikin bana da na bara, ya ce Alhamdu lillahi ya ƙaru. Sai in ce to ajiye naira, ƙirga mini kwali da buhu. A ƙarshen 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Wanda kuɗin cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 a irin wannan shekara, kayan da ya sayar raguwa suka yi. Za ka ga mutum ya yi shiru yana ta danna kalkuleta. Daga nan ba sai na roƙe shi ya saurare ni ba.

Na biyu, mu jera masu bashi bisa daɗewar bashin, ba bisa yawansa ba. Nan ne ake gano cewa "babban kwastoma" jarin shagon yake juyawa.

Masu masana'anta kuma labarin Indiya nake ba su. Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun yi gwaji a masaƙun da ke kewayen Mumbai, aka buga sakamakon a 2013. Wasu masaƙun aka tura musu ƙwararru suka koya musu abubuwa marasa wuya, irin rubuta kowace tangarɗar inji da kowane aibin yadi da lissafin zaren da ke sito, wasu kuma aka bar su don kwatance. Waɗanda aka koya wa, ingancin aikinsu, wato abin da suke samarwa in aka auna shi da jari da aikin da suka zuba, ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. Abin da ya fi kama mutanena shi ne da yawan masu masaƙun sun san wasu daga cikin dabarun tun da can, sun dai ɗauka ba za su kawo riba ba ne.

Malama Mai Horar da Mata:
Sannunku da ƙoƙari. Mu masu koyarwar ma sai an tambaye mu hujja. An yi gwaji a Lome ta ƙasar Togo da ƙananan 'yan kasuwa 1,500, aka buga a 2017. Waɗanda aka ba horon kasuwanci na gargajiya ribarsu ba ta yi wani motsin a zo a gani ba, waɗanda aka koya wa zaburar da kai da neman mafita kuwa tasu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari. Da na karanta sai na rage lissafin akanta a ajina, na koma ƙa'ida mai sauƙi: jakar kuɗin sana'a daban, ta cefane daban, ki yanka wa kanki albashi. Amma Lome ba Kano ba ce. Matana da yawa daga cikin gida suke sana'a, yara ke kai kaya, ga adashi ga biki. Shi ya sa nake komawa bayan wata shida in duba littafinsu, ba in tsaya ga tafin ranar rufe taro ba.

Ustaz Mai Karatun Yamma:
Malam, gwada shigo musu ta ƙofar da suka sani. Ɗalibin Kano ba baƙo ba ne ga tambayar "wa ya ruwaito, daga wa ya ji?" Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, aya ta 282 a Baƙara kuma ta ce a rubuta bashi. Wanda ba zai karɓi hadisi ba isnadi ba, me ya sa zai zuba miliyoyi a Dawanau don wani saƙon WhatsApp ya ce riɗi zai tashi?

Ma'aikaci Mai Jiran Fansho:
Duk kun yi magana mai kyau, amma ba ku taɓo inda ke ciwo ba. Ɗalibanka, Malam, yawancinsu ba su ne masu yanke shawarar ba. A inda nake aiki an taɓa dawo mini da rahoto aka ce in "gyara" alƙaluman, don ba su yi daidai da abin da aka riga aka sanar ba. Yaro ba zai miƙe a taro ya ce wa wanda ya haife shi "ina hujjarka?" ba, in kuwa ya yi, sunansa mara kunya.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada a ja da shawarar, a nemi izinin gwaji. Ka same shi shi kaɗai, ba gaban mutane ba, ka ce: "Ranka ya daɗe, a ba mu dama mu fara da reshe ɗaya na wata uku, mu kawo maka sakamako ka duba." A kuma amince tun farko kan abin da za a auna, don kada daga baya kowa ya zaɓi alƙalumin da ya yi masa daɗi. In ya yi kyau, sunansa ne. In bai yi ba, asarar kaɗan ce kuma ba wanda ya kunyata. Wannan ya kamata ku riƙa gwadawa a aji, ɗaya ya zama Oga ɗaya ya zama ƙaramin ma'aikaci.

Malamin Ƙarshen Mako:
Baba, na ɗauki wannan, zan sa shi cikin makin zango mai zuwa tare da ƙirgen kwali na Akanta. Ɗan Kwari, ko Alhaji zai yarda a ara mana tsohon littafin shago, a rufe sunaye, ɗalibai su gwada hasashensu da nasa?

Ɗan Kwari:
Littafin bashi kam ba zai fita daga shago ba, Malam, sirrin mutane ne. Na shigowar kaya dai zan tambaye shi gobe bayan la'asar in kasuwa ta lafa. Amma na san halinsa, cewa zai yi ɗaliban su zo da kansu su zauna a benci.