Me za mu kira manhajar da ke awon tsere?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hidima da wasanni a Kebbi da Zamfara, malamai da masu gabatarwa a rediyo da masu riƙe lasifika a fili. Ina neman mu tsayar da wasu kalmomi kafin bakin mutane ya saba da na aro.

Akwai manhajar da masu shirya tsere suke aiki da ita yanzu, wadda a Turance ake ce wa race timing software. Ita ke karɓar sunayen masu shiga, ta ba kowa lamba, ta riƙe lokacin da ya tashi da lokacin da ya iso, sannan ta ɗora sakamako a intanet tun mutum bai gama haki ba. Wasu zubin nata kuma suna taimakawa wajen rajista ta waya, da gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, da ci gaba da aiki idan sabis ya ɗauke har ya dawo. Mu da muke da tseren keke da na dawaki da na raƙuma da na kwale-kwale, ga gasar makarantu a Birnin Kebbi da Gusau, abin yana tafe gare mu. Ranar da aka yi gardama kan wa ya zo na ɗaya, da Hausa za a yi ta, da Hausa kuma za a raba ta.

Kalmar manhaja ta riga ta zauna. Da manhajar karatu muka san ta, yanzu kowa ya san ta waya. Rajista ma haka, sakamako ma haka. Matsalar tana tsakiya.

Wani ɗan'uwa daga Jega ya kawo "manhajar ɗaukar lokaci". Na fahimci inda ya dosa, ana ɗaukar hoto, ana ɗaukar murya. Amma idan Bahaushe ya ce abu yana ɗaukar lokaci, jinkiri yake nufi. Ba za mu raɗa wa abin da aka ƙera don sauri sunan jinkiri ba. "Agogon tsere" kuwa yana da mai shi, wato babban agogon nan da ake kafawa a layin ƙarshe ko a ɗora bisa motar da ke gaban masu gudu. Shi gaɓa ɗaya ce kawai daga cikin aikin.

Wani malaminmu ya ce a kira ta "alƙalin tsere". Allah ya gafarta malam, a nan ban bi ka ba. Alƙali mutum ne, shi ke sauraron ƙorafi, shi ke soke wanda ya yanke hanya. A dokar hukumar guje-guje ta duniya, mai ƙorafi yana da minti 30 bayan an sanar da sakamako ya kai kukansa, kuma gaban mutum zai kai shi. Idan muka ba na'ura sunan alƙali, gobe za a ce wa yaron da aka zalunta ai kwamfuta ta yanke, ya yi shiru ya koma gida. Wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne manhajar awon tsere.

Awo kalma ce da muka yarda da ita wajen raba gardama. A Argungu, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta zama mafarin bikin kamun kifi, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, ba da ido ake cewa kifin wane ya fi ba. Ana ciccibo giwan ruwa daga kogin Matan Fada, a ɗora a sikeli a gaban jama'a, a faɗi nauyi. A 2020 wanda ya ci ya kai kilo 78. Sikeli bai ba kowa kyauta ba, awo kawai ya yi, mutane suka yi hukunci. Matsayin manhajar ke nan.

Na san za a ce awo zai rikice da auna tsawon hanya. Wannan aiki ne daban, da keke na musamman ake yin sa kafin ranar tsere, don a tabbatar gudun yada-ƙanin-wani ya cika kilomita 42.195. Shi sai mu ce masa awon hanya.

Sai 'yar abar da ake maƙala wa mai gudu. Wanda bai taɓa riƙe ta ba, ga yadda take: ka juya takardar lambar da ake maƙalawa a ƙirji da fil huɗu, za ka ga wata siririyar leda manne a bayanta, wani lokaci da ɗan soso a kai don kada gumi ya hana ta aiki. Ba batir a cikinta. Sai ta zo kusa da na'urar da ke layi take samun ƙarfin faɗin lambarta, na'urar ta rubuta lokaci. Ta farko da aka yi a Holan a igiyar takalmi ake ɗaure ta, kuma gudun Berlin na 1994 yana cikin manyan tseren da suka fara aiki da ita.

Idan muka ari sunanta na Turanci, wato chip, "cif" zai fito a bakinmu, alhali muna da cif na daidai cif, ga Cif Joji. "Ƙwaya" kada ma a fara, a fagen wasanni wannan kalma zargi ce. Wani ya ce "laya", don ta takalmin ta yi kama da ita, amma akwai iyayen da ba za su bar 'ya'yansu su ɗaura abin da aka kira laya ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Na fi son 'yar shaida. Aikinta ɗaya ne, ta shaida cewa mai lamba kaza ya wuce nan a lokaci kaza. A garin da za ka samu Abubakar Muhammad da yawa a takardar rajista ɗaya, ita da lambar ƙirji ne ke raba su. Kuma tunda an zo kan suna, duk wanda zai saya mana manhaja ya gwada ta da Ɗanladi da Ƙasimu tukuna, ya ga ko za ta fitar da ɗ da ƙ ko za ta mayar da su alamar tambaya.

Shimfiɗar da ake takawa a layi, tabarmar awo. Lokutan da ake ɗauka a tsakiyar hanya, kamar a kowace kilomita 5, lokacin zango. Wanda ya yi rajista bai zo ba, "bai fito ba". Wanda ya tsaya a hanya, "bai ƙarasa ba". Waɗannan ba na jin za a yi musu.

Inda nake so mu natsu shi ne lokuta biyun da manhajar ke fitar wa kowane mai gudu, don nan rigima take kwana.

Na farko yana farawa daga sa'ar da aka ba da alamar tashi, kuma ɗaya ne ga kowa. Na biyu yana farawa ne sai ƙafarka ta taka tabarmar layin tashi. Idan taro ya yi yawa, na baya yakan ɓata lokaci kafin ya kai layin. A ɗauki misali: na gaba ya iso a minti 35 da daƙiƙa 10. Na baya ya iso a minti 35 da daƙiƙa 30, amma sai da ya yi daƙiƙa 40 cikin turmutsutsu kafin ya taka layin tashi, don haka gudunsa na zahiri minti 34 ne da daƙiƙa 50. Ya fi na gaba sauri, amma a doka na gaba ne ya ci, don da lokaci na farko ake jera matsayi. Na biyun na mai shi ne, ya san ƙoƙarinsa. To ka tsaya a fili ka yi wa mahaifin yaron nan bayani ba tare da suna biyu masu tsabta ba.

Na farko ina ganin lokacin bindiga ya dace, kuma Bakabe ba ya buƙatar fassara. A bikin Argungu masunta suna jere da homa da gora, ba mai taɓa ruwa sai bindiga ta tashi, kuma harbi ɗaya ne ga na gaba da na baya. Ko da usur aka tashi 'yan makaranta, sunan zai riƙe. Na biyu kuma lokacin ƙafa. An kawo "lokacin kai", amma a lasifika za a ji kamar ana maganar lokacin da aka kai, wato isowa.

Haka kuma sakamakon da ke bayyana a waya nan take, a riƙa rubuta masa "na wucin gadi" ɓaro-ɓaro a sama, har sai alƙali ya sa hannu ya zama tabbatacce. A sanar da jama'a kuma cewa a tseren hanya ana cike guntun daƙiƙa zuwa sama, wanda ya yi daƙiƙa 10 da ɗoriya, 11 za a rubuta masa. Tseren fili ne ake tsaga daƙiƙa gida 100 da kyamara, irin 9.58 ɗin da Usain Bolt ya yi a mita 100 a 2009.

Na gwada su da ƙarfi yadda mai lasifika zai faɗa: "Lamba 214, lokacin bindiga minti 35 da daƙiƙa 30, lokacin ƙafa minti 34 da daƙiƙa 50, sakamako na wucin gadi ne, mai ƙorafi ya ga alƙali." Harshe bai harɗe ba.

Wuri ɗaya ne "ƙafa" ba ta shiga, wato ruwa. A tseren kwale-kwale na kabancin Argungu da na Rigata ta Yawuri, jirgi ne ke ƙetare layi. Shawarata a can a ce lokacin goshi, tunda goshin jirgi ne ke fara isa. Iyayenmu Sarkawa da matuƙan Yawuri, ku ke da ruwan, ku duba mana wannan.