Nawa zan saka a jan ambulan na bikin aure a Yiwu?

Assalamu alaikum. Ɗan mai masana'antar da nake sarin kaya a wurinsa zai yi aure a birnin Yiwu na ƙasar Sin, liyafa a otal, kuma da maiɗakina za mu je. Ƙa'idar ba ta ɓace mini ba: jan ambulan, sabbin takardun kuɗi, a guji lamba 4, an fi son 6 da 8. Adadin ne ya ɗaure mini kai.

'Yan uwa a Guangzhou sun ce yuan 200 ya isa, amma wannan al'adar lardinsu na Guangdong ce, ta lardin Zhejiang, inda Yiwu take, ta fi haka nesa ba kusa ba. Tafintana kuwa cewa ta yi "gwargwadon zumunci", ta ƙi faɗin lamba. Ga shi ana rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a littafi.

Mu biyu, yuan 1,000 ya wadatar, ko sai 2,000?