Ɗiyar yayata ta dawo daga Libiya, ya za mu yi da ita?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ɗiyar yayata ce wata mata ta yaudara da sunan aikatau a Libiya, aka bi da su ta Agadas, ashe gidan karuwai aka kai ta wai sai ta biya kuɗin hanya da jikinta. Shekara 2 fa. Yanzu IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, sun dawo da ita wata ɗaya kenan amma ba ta barci, ko ƙofa aka buga sai ta zabura, abinci ma sai an yi da gaske. Babanta kuma ya kafe sai an aurar da ita kafin magana ta fita, ni dai hankalina bai kwanta ba wlh.

Anti Nas:
Allah sarki. Maman Ilham asibiti tukuna kafin komai, a yi mata gwajin HIV da ciwon hanta da ciwon sanyi har da na ciki, in ma an samu HIV ɗin maganin kyauta ne a asibitin gwamnati kuma mutum na rayuwarsa lafiya lau in yana sha. Firgitar nan ita ma likitan ƙwaƙwalwa na duba ta, in kuna Kano akwai Dawanau, Kaduna akwai na Barnawa. Ki raka ta da kanki. Kuma a daina titsiye ta da tambaya, ranar da ta ga dama za ta faɗa.

Baban Sadik:
A haɗa da ruƙiyya dai, ba komai ne na bature ba.

Anti Nas:
Malam ba wanda ya hana addu'a, amma kar a ce aljanu ne a zauna a gida.

Yar Zazzau:
Auren nan gaskiya a dakata, yarinyar da ke tsoron motsin ƙofa ita za a kai ɗakin miji? Ku je NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tun 2003 aka kafa su dan irin wannan, suna da ofis a Kano da Sakkwato, suna ba da mafaka da koyon sana'a, kuma ita matar da ta tafi da ita su ke da hurumin gurfanar da ita. Ƙila yanzu haka tana zagaya wasu gidajen.

Maman Ilham:
Na gode sosai. Litinin zan kai ta in sha Allah. Shi kuma baban nata ba zan iya da shi ba, Hajiya zan sa ta kira shi, ita kaɗai yake jin maganarta.